Fuka-fukan mazari don taron feri na ƙarshen mako: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 3 ga Maris

Taron na kwana uku ne, daga Juma'a 9 ga Mayu zuwa Lahadi 11, a zaurukan wani otal. Jigonsa feri, wato ƙananan aljanun nan na tatsuniyoyin Ailan da Sukotlan da Ingila. Irin wannan taro ya daɗe da kafuwa a Turai da Amurka, kamar Elfia da ake yi a fadar De Haar ta ƙasar Holan, da Faerieworlds na jihar Oregon. Kayan shigar feri da za a haɗa su ne fuka-fukai huɗu, allon baya da zai riƙe su, fitilu, kunnuwa masu tsini, da kambi.

An fara da karanta dokokin shiga, ba da zane ba. Uku daga ciki sun shafi aikin kai tsaye: ba a shiga da garin ƙyalli wanda ke zuba, duk sanda ko takobin wasa sai an duba shi a ƙofa an ɗaura masa alama, kuma shigar da ta tare hanya za a ce a cire ta. Ƙofar ɗaki da ta lifta yawanci ba sa wuce santimita 80 zuwa 90. Saboda haka an yanke cewa faɗin fuka-fukan a buɗe ba zai wuce santimita 70 ba, nauyin komai da komai kuma ƙasa da giram 800. Fiffiken da ya yi kyau a hoto amma mai shi ya gaji da shi kafin tsakar ranar farko, asarar aiki ne.

Akwai liyafar rawa biyu, ta Juma'a mai haske da ta Asabar mai duhu, bisa rabon da tatsuniyar Sukotlan ta yi wa feri gida biyu, Seelie da Unseelie. Fuka-fukai guda za su yi dare biyun. Kambi da kwalliyar fuska kawai za a sauya.

Asabar, 8 ga Maris

An zaɓi fasalin fiffiken ƙwaron mazari a kan na malam-buɗe-littafi. Na malam-buɗe-littafi faffaɗa ne, yana kama iska sosai kuma yana bugun mutane a cunkoso. Na mazari siriri ne, ana iya miƙe shi sama a rage faɗi ba tare da an rage tsawo ba.

Na sama biyu: tsawo santimita 62, faɗi 20. Na ƙasa biyu: tsawo 48, faɗi 24, sun fi buɗewa daga gindi kamar yadda na ƙwaron yake. Idan na sama ya karkata digiri 30 daga tsaye, kowanne zai fita gefe da santimita 31. A haɗa da tazarar 8 da ke tsakanin gindinsu, an samu 70 cif. Tsinin zai haura kan mai sanyawa da kamar taƙi ɗaya, wanda ba zai taɓa saman ƙofa ba.

An yanka samfurin a kwali, aka manna a bayan riga da salatef, aka bi ta ƙofa, aka juya, aka zauna a kujera. Na ƙasa suna tokare mazaunin kujera. Dole su zama masu cirewa, in ba haka ba babu zama a zauren lacca ko wurin cin abinci.

Abu biyu ke sa mai kallo ya gane fiffiken mazari ne: ɗan ƙullin da ke tsakiyar gefen gaba, inda jijiyar ke lanƙwasa kaɗan, da ɗigon duhu mai tsawo kusa da tsini. An saka su duka a zanen.

Laraba, 12 ga Maris

Gwajin waya. Masu sayarwa da yawa suna rubuta kauri da lamba, kuma lambar na ƙaruwa ne idan wayar ta sirance: lamba 12 kusan milimita 2 ce, 14 milimita 1.6, 16 milimita 1.3, 18 milimita 1.

Wayar ƙarfe mai rufin zinki ta milimita 2 tana da nauyin giram 25 a kowace mita. Ta alminiyom mai milimita 3 giram 19 ce kawai, kuma a lissafi ta fi ƙin lanƙwasa, domin taurin waya yana hawa da sauri sosai idan kauri ya ƙaru. Sai dai alminiyom da ake sayarwa don aikin hannu an tausasa shi. Idan ya lanƙwashe ba ya komawa, nan yake tsayawa. An buga samfurin kowacce a jikin ƙyauren ƙofa da ƙarfin da kafaɗar mai wucewa za ta yi. Ta ƙarfe ta yi rawa ta dawo, ta alminiyom ta ɓaci. A taron da ɗaruruwan mutane ke gogar juna a baranda, wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci, don haka ƙarfe ya ci.

Kowane fiffike na sama zai ɗauki mita 1.8, na ƙasa mita 1.55, jimla kusan mita 6.7. Waya ɗaya ce ke zagaye fiffiken baki ɗaya, kawunanta biyu su sauko su zama ƙafafu. Ba a haɗa guntaye, domin duk mahaɗa wurin karyewa ce.

Lahadi, 16 ga Maris

An buga ƙananan ƙusoshi a kan katako bisa layin zanen, tazarar santimita 4 zuwa 5, aka bi da wayar ta gefensu. Ta haka na dama da na hagu suke fitowa daidai wa daida. Kwana mai faɗi da hannu ake lanƙwasa ta a jikin kwalba ko bututu, filaya sai a wurin ƙafafu, kuma an naɗe haƙoranta da tef don kada su ci rufin zinkin.

Firam ɗaya ya karye a gindi. Dalilin shi ne an lanƙwasa wurin an miƙe an sake lanƙwasawa wajen neman kusurwa. Ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka murɗa shi a wuri guda, har ya kai inda zai tsage. Maganin shi ne a auna kusurwar a kwali tukuna, a lanƙwasa sau ɗaya. Wanda ya karye ba a gyara shi da wuta, domin zinki idan ya ƙone hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. An yanko sabuwar waya.

Inda ƙafafun biyu suka kusanci juna an gitta guntuwar waya, aka ɗaure da siririyar waya lamba 24, aka shafa gam mai haɗi biyu wanda ke daskarewa ya zama dutse. An goge firam ɗin da ruwan tsami mai rauni don cire maiƙon masana'anta, aka shafa fentin share fage irin na ruwa, sannan baƙi. Fentin mai ba ya zama a kan zinki, bayan 'yan makonni sai ya fara ɓarewa.

Asabar, 22 ga Maris

Allon baya. Nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe, kuma nan ne masu farawa suka fi yi wa gaggawa saboda ba ya fitowa a hoto.

Nauyin fiffike kaɗan ne, amma yana nesa da jiki. Duk santimitar da ya ƙara nisa daga baya, ƙarfin da yake fizgar gindinsa da shi yana ƙaruwa, balle idan iska ta shiga ko mai shi ya juya da sauri. Igiyar roba biyu a kafaɗa, irin ta fuka-fukan yara, ba ta iya wannan. Fiffiken zai sunkuya baya, robar ta ci hammata.

An yanka allon daga falankin roba mai sauƙi na milimita 5, irin wanda ake yin allon talla da shi: tsawo santimita 22, faɗi 14 a sama, 9 a ƙasa. An ɗumama shi da na'urar hura iska mai zafi har ya yi laushi, aka ɗora tawul a bayan mutum-mutumin tela, aka danna shi a kai har ya huce ya ɗauki lanƙwasar gadon baya. Ta ciki an manna soso mai ƙarfi na milimita 6, aka yanke tsiri a tsakiya don kada ya danna ƙashin baya.

Kowane fiffike yana da ƙafa biyu, kowace ƙafa tana shiga nata siririn bututun tagulla mai rami milimita 2.5, zurfin santimita 10. Bututu takwas ke nan. Tazarar da ke tsakanin bututu biyu na fiffike ɗaya santimita 3 ce, kuma ita ce ke hana shi juyawa. Da an murɗe ƙafafun biyu an cusa a bututu ɗaya, fiffiken zai riƙa wainawa kamar ƙyaure, ya rufe fuskar na kusa. An ɗinke bututun a jikin allon da waya ta ƙananan ramuka, sannan aka bi da gam mai haɗi biyu. Gam mai narkewa da ake harbawa da zafi bai dace a nan ba: yana sakewa idan kaya suka daɗe a mota cikin rana.

Na ƙasa suna kallon ƙasa, don haka nauyinsu zai zare su. An lanƙwasa kan ƙafafunsu suka zama ƙugiya da ke shiga bututun daga sama, fiffiken ya rataya. Cire su ɗagawa ce kawai.

Maɗauri: zaren jaka mai faɗin santimita 2.5, biyu a kafaɗa, ɗaya a ƙirji yana haɗa su, ɗaya kuma a ƙasan haƙarƙari. Na ƙasan shi ne ke ɗauke yawancin fizgar. An tsaga rigar ta baya aka sa Velcro, wato maƙalin nan da ake mannawa a ɓanɓare, allon yana ciki, bakin bututun kaɗai ke leƙowa.

Asabar, 29 ga Maris

Ledar ƙyalli. Ba kowace ke yin aikin ba, ko da kamanninsu ɗaya. Wadda aka yi da sinadarin itace ba ta tsukewa da zafi, sai dai ta bushe ta tsage. Wadda ake nema ita ce ta roba mai tsukewa ta miƙe a kan firam. Hanyar ganewa ita ce a yanko ɗan murabba'i a hura masa zafi. Cikin nau'i uku da aka gwada, ɗaya ta ƙone, ɗaya ta rasa launinta ta koma fari fat, ɗaya ta tsuke kuma launin ya ƙara zurfi zuwa shuɗi da kore. Ita aka ɗauka.

An yanka jijiyoyin daga baƙin kwali mai santsi da reza. Kaurinsu milimita 4 a gindi, suna sirancewa zuwa 1.5 a gefe. Wannan yanka shi ne ya fi cin lokaci, kuma sai an riƙa canza reza da zarar ta fara jan takarda, domin dakusasshiya tana yage siraran jijiyoyi a mahaɗarsu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Haɗa fiffike na farko. Jerin daga ƙasa zuwa sama: farar leda mai gam a jiki da gam ɗin yana kallon sama, firam, jijiyoyi, feshin gam kaɗan, sannan ledar ƙyalli. An fara dannawa daga gindi zuwa tsini da gefen katin roba don korar iska.

Guga a mafi ƙarancin zafi, babu tururi, da takardar gasa burodi a sama da ƙasa. Ba a tsayar da dutsen guga wuri guda, ana tafiya da shi a hankali. Bayan haka an yanke rarar ledar aka bar milimita 4 a bayan waya, aka bi gefen da iska mai zafi daga nisan kamar santimita 20 har ya naɗe ya kama wayar.

Matsala biyu suka fito. Rami ya ɓulle kusa da tsini saboda na'urar ta matso da yawa. Ledar takan yi sheƙi na ɗan lokaci kafin ta huje, kuma wannan sheƙin shi ne alamar a ja baya. Ta biyu ta fi damuwa: fiffiken ya murɗe kamar ganyen da ya bushe, domin ledar ƙyalli ta tsuke fiye da farar da ke ɗaya gefen. An magance ta da hura wa fuskokin biyu zafi bi da bi, sannan a danne fiffiken tsakanin katako biyu har ya huce sarai. Ramin an toshe shi da ɗan facin ledar daga baya, aka ɓoye shi ƙarƙashin ɗigon duhun nan.

A yi wannan aiki taga a buɗe. Farar ledar idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai ƙona maƙogwaro, feshin gam kuma yana kama wuta, don haka sai ya bushe kafin a kunna na'urar zafi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Duk huɗun sun kammala. Na sama giram 88 kowanne, na ƙasa 78, allon da maɗaurinsa 190. Jimla 522.

Asabar, 12 ga Afrilu

Fitilu. An yi amfani da siririyar wayar tagulla mai ƙananan ƙwayaye a jikinta, launin fari mai ɗumi. Irin wadda ke zuwa da batir biyu masu kamar kwabo, CR2032, ba ta kai dare: ƙarfinsa kusan 220 mAh ne kawai (ma'aunin cajin da batir ke riƙewa), kuma ba a yi shi don jan wuta mai yawa ba, hasken yana dusashewa da wuri. Akwai kuma haɗarin yaro ya tsinci wanda ya faɗi ya haɗiye, abin da ke iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i kaɗan, ga shi irin wannan taro cike yake da yara. An koma batir AA guda uku a akwatin da ke rufewa da noti, a ƙasan allon inda nauyinsa ya fi kusa da jiki.

An gwada ma'ajin cajin waya, amma yana kashe kansa bayan ɗan lokaci, saboda fitilun ba sa jan wutar da za ta sa ya san ana amfani da shi.

Ƙwai 40, goma a kowane fiffike, a bin gefen gaba kawai. Awo ya nuna suna jan wuta kusan 120 mA. A takarda batir mai 2000 mAh zai yi sa'a 16, amma hasken yana raguwa tun kafin nan, don haka za a sa sabon saiti kowane dare. Kowane fiffike yana da ɗan soket mai baki biyu a gindinsa don a iya cire shi. Wayar tana da rufin fenti marar launi, dalma ba ta kama ta sai an kankare da reza har jan tagullar ya fito. An rufe kowace mahaɗa da bututun roba mai tsukewa, aka bar rarar santimita 3 a naɗe, domin a daidai nan wayar ke tsinkewa idan fiffike yana motsi. Fitilu da batir sun ƙara giram 110. Yanzu 632.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kunnuwa na robar latas ne. Wasu fatarsu ba ta jituwa da latas ko da gam ɗin da ake manna shi, don haka an ɗiga kowanne a cikin dantse aka bar shi kwana biyu. Babu ja, babu ƙaiƙayi. An zaɓi gam mai suna Pros-Aide saboda ya fi jure gumi. Ana shafa shi siriri a gefen kunnen robar, a jira ya bushe daga fari ya koma garau, sannan a danna. Idan aka danna yana jiƙe, zamewa zai yi. Cire shi sai da man cirewa, ba da fizga ba.

Kunnuwan sun zo da launi mai haske da bai dace da fatar mai sanyawa ba. An gauraya gam ɗin da fentin ruwa irin na masu zane, rabi da rabi, aka shafa da soso shafi uku sirara, da ɗan ja a tsini da cikin lanƙwasa, domin kunnen gaske ba launi ɗaya ba ne. Wannan haɗin yana danƙo bayan ya bushe, sai an bi shi da hoda. Kayan kwalliya masu mai suna cinye latas, kada su taɓa shi.

Ƙyallin fuska na kwalliya ne, wanda ke cikin man shafawa ba gari ba. Na aikin hannu gefensa kaifi ne, yana iya karce ƙwayar ido. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da garin ƙyallin roba na aikin hannu tun watan Oktoba na 2023. An bar batun gilashin ido mai launi da ake mannawa a ƙwaya, tun da ba a sa shi sai likitan ido ya auna.

Kambi biyu a kan waya lamba 18 da aka naɗe da koren tef: ɗaya furannin yadi masu haske, ɗaya busassun rassa da baƙin ganye. An ɗinka ƙaramin mataji a gefe biyu na kowanne.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gwajin sanyawa na sa'a huɗu da cikakkiyar shiga: tafiya, hawa bene, zama, rawa.

Allon bai motsa ba, kuma wannan shi ne babban abin da ake son gani. Maɗaurin kafaɗar hagu ya goge fata kusa da wuya, za a sa masa rigar yadi mai laushi. Fiffiken sama na dama ya ɗan ɗaga daga bututunsa lokacin tsalle. Ɗan zoben roba da zai kama gittacciyar wayar ya maƙale a ƙugiya a jikin allon zai hana hakan. Tsinin kambin duhu yana karce ledar idan an ɗaga kai, za a rage rassan baya da santimita 5. Gumi ya jiƙa soson, yana buƙatar rufin auduga mai cirewa guda biyu, a wanke ɗaya a sa ɗaya.

Mai sanye da fuka-fukai ba ya ganin bayansa, kuma hannunsa ba ya kai wa bututun. Dole a samu abokin tafiya da zai cire na ƙasa kafin zama, ya tsaya a baya cikin lifta, ya kuma yi magana idan wani ya kai hannu zai taɓa. A irin waɗannan taruka ƙa'ida ce a nemi izini kafin ɗaukar hoto ko taɓa shigar wani, amma ƙyalli yana jan hannun yara, kuma yatsa ɗaya ya isa ya huda leda.

Akwatin ɗauka: kwali mai faɗi, santimita 75 da 35, fuka-fukan a kwance da tawul tsakaninsu, ƙafafun a cikin guntun soso. Ba za a bar shi a mota ba. Jakar gyara ta ƙunshi filaya, farin salatef mai faɗi, guntun ledar ƙyalli, siririyar waya, allura da zare, gam ɗin kunne da man cire shi, da batir tara. Takalmi marar tsini wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Saura rigar maɗauri, zoben roba huɗu, rage kambi, da rufin soso. Sandar da za a riƙe ba a fara ta ba tukuna. Za a yi ta da bututun roba da soso maimakon itace don ta wuce binciken ƙofa, tsawonta mita 1.4, mai rabuwa biyu a tsakiya. Gwaji na gaba ranar Asabar, 3 ga Mayu, da dare kuma a waje, don a ga yadda fitilun ke fitowa a duhu da abin da iska za ta yi wa na sama.